Cikin Ɗan Kallo: Abin Taɓawa a Filin Wasa na Muhammadu Dikko

Yau a shirinmu na faɗakarwa da 'yan kallon ƙwallo muke tafe, da masu sayar musu da abin taɓawa, da kuma iyayen da yaransu ke karɓar 'yan canji ranar Lahadi su ce sun tafi sitadiyam.

Duk wanda ya taɓa zuwa filin wasa na Muhammadu Dikko ranar da Katsina United ke karɓar baƙuncin Kano Pillars, ya san kafin a take leda wata kasuwar ta riga ta ci a bakin ƙofa. Tun bayan Azahar mai tsire ya hura wuta, mai rake ya kafa baronsa yana fira, mai awara ta ɗora kasko. Yara na zagayawa da farantan gyaɗa da dafaffen ƙwai, ga masu fura da nono a gefe, ga kuloli cike da zoɓo da kunun aya da ruwan leda. Filin nan mutum 35,000 aka gina shi ya ɗauka. An sa hannu a aikinsa tun farkon shekarun 1990, zamanin gwamnan soja John Madaki, aikin ya kwanta shekara da shekaru, sai a zamanin Gwamna Ibrahim Shehu Shema aka ƙarasa shi, aka buɗe a 2013 da sunan Karkanda, kafin a 2016 a raɗa masa sunan Sarki Muhammadu Dikko. Ko rabinsa aka cika, baki sama da 17,000 ke nan ke neman abin da za su jefa a ciki, cikin rana, cikin ƙura, kuma cikin gaggawa.

Gaggawar nan ita ce tushen maganarmu ta yau. Don mu gane ta sosai, bari mu leƙa wata ƙasa inda cin abinci a filin wasa ya zama al'ada mai zaman kanta.

A Amurka akwai wasan da suke kira besbol, wanda ake jefa ƙaramar ƙwallo wani ya doke ta da kulki ya sheƙa da gudu. Ba baƙo ba ne gaba ɗaya a Nijeriya, domin an buga shi a Abuja lokacin wasannin Afirka na 2003, amma a nan Katsina da wuya ka sami wanda ya damu da shi. Wasa ne mai zagaye 9, kowane zagaye kuma sai ƙungiyoyin biyu sun yi musayar wuri, saboda haka ana tsayawa fiye da sau 15 kafin a tashi. Da can yakan ci awa 3 ko fiye, sai a 2023 aka sa wa mai jifa agogo, wasan ya ɗan rage tsawo. Kowace babbar ƙungiya wasa 162 take bugawa a kaka guda, 81 a gidanta. To mutumin da zai zauna kusan awa 3 yana kallon wasan da ke tafiya yana tsayawa, ai dole bakinsa ya nemi aiki. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Harry Stevens, da ya yi ƙaura zuwa Amurka a shekarun 1880, yana cikin waɗanda suka fara gane akwai arziki a nan. Da takardar rubuta sakamakon wasa ya fara talla, daga baya ya karɓi kwangilar sayar da abinci a manyan filayen birnin New York. Har yau abin da ya fi tafiya a filayen nan shi ne sosej a cikin dogon burodi, wanda suke kira hot dog, sai kuma, kada ku yi mamaki, gyaɗa mai ɓawo. A filin ƙungiyar Dodgers da ke Los Angeles an yi wani mai gyaɗa, Roger Owens, da ya fara talla tun ƙarshen shekarun 1950, ya yi suna saboda yadda yake cilla wa mai saye ƙullin gyaɗa daga nesa ba ya kuskure.

Ɗan kallon besbol yana da lokaci. Zai tashi ya zaga, ya dubi rumfa goma, ya zaɓa, ya dawo bai rasa wani abin kirki ba. Mu kuwa ƙwallon ƙafa muke kallo: minti 45 ba ƙyaftawa, hutu na minti 15, sannan wani 45 ɗin. A cikin wannan minti 15 kowa zai taso lokaci guda, wani fitsari, wani Sallar La'asar da bai samu ya yi ba, saura kuma su yi wa masu abinci caa. Mai sayarwa ya san haka, saboda haka tun safe ya dafa ya jera, don kada cinikin ya wuce shi. Mai saye shi ma kunnensa na kan usur ɗin alƙalin wasa, abin da hannunsa ya fara kaiwa gare shi, shi zai ɗauka. Ba wanda ya yi niyyar cutar wani, amma a wannan ɗan tsakanin ake ɗaukar ciwon cikin da za a kwana da shi.

Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi. Ƙasa da haka sanyi ya daƙile su, sama da haka wuta ta fara kashe su. Wasu daga cikinsu kowane minti 20 sai sun ninka. Ƙwaya ɗaya tak da ta faɗa cikin abinci da ƙarfe 10 na safe, idan ta sami yadda take so, kafin ƙarfe 4 da ake take wasa ta haura 260,000. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma a cikin sanyi ba. Wannan fa a yanayi na daidai ke nan. A Katsina, watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40 a inuwa.

(Kiɗa)

Jama'a, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna bakin ƙofar filin wasa muna duba abin da za mu saya.

Mu fara da mai tsire, domin a ganina an fi yi masa mummunan zato alhali ya fi da yawa daga cikin maƙwabtansa aminci. Hayaƙi ne, toka ce, hannunsa duk mai, amma yana da abin da saura ba su da shi: wuta a gabanka. Naman da aka cire daga tukuba yana tururi, ya gasu har ciki ba ja a tsakiya, wannan ka ci da kwanciyar hankali. Inda gizo ke saƙa shi ne tsinken da aka gasa tun rana aka jingine a gefe, da balangun da aka naɗe a takarda yana ɗumi-ɗumi. Kada ka ji nauyin cewa, "Malam, don Allah mayar mini da shi wuta." Mai nama na ƙwarai ba ya jin haushin wannan. Sannan ka dubi wuƙa da katakon yanka. Idan wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ita ce ta yanka albasa da tumatir da kabeji, to wuta ta tsarkake naman, kayan haɗin sun mayar da cutar. Ka ce a bar maka yaji kawai. Kilishi kuwa, da yake an shanya shi ya bushe, an sa gishiri, an kuma gasa, yana jure ajiya. Abokan gabarsa ƙura da ƙuda ne, don haka wanda ke cikin gilashi ko a rufe shi ne naka.

Awara da ƙosai da soyayyen dankali hukuncinsu ɗaya: daga kasko zuwa hannunka. Ka dai leƙa man. Idan ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, an sha soya shi, kuma mai irin wannan ba alheri ba ne ga jiki. Abin da na ƙi jini shi ne a juye awara mai zafi cikin baƙar leda ko tsohuwar jarida, tawadar ta narke ta bi abincin. Farar takarda mai tsabta ba ta fi ƙarfin kowa ba.

Sai abin da Allah ya halitta da murfinsa. Ayaba ba ta da na biyu a filin wasa, kai za ka ɓare da hannunka. Lemo a fere maka a gabanka. Rake ma haka: wanda aka fere aka yayyanka tun ɗazu, ana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe, ƙuda na sauka na tashi, ka wuce shi, ka nuna sanda ka ce Baba ya fere maka sabo. Kankana da gwanda da abarba da aka yanka aka jera a faranti suna da kyan gani, amma ruwa ne da zaƙi a buɗe, abin da ƙwayar cuta ke nema ke nan.

Gyaɗa fa? Mai ɓawo, dafaffiya ko soyayya, abokiyar kallo ce ta gaske, ga arha ga riƙe ciki. Sharaɗi ɗaya ne: ƙwayar da ta yi ɗaci a baki, ko ta yamutse, ko ta canja launi, tofar da ita, kada ka ce asara. Akwai wani fumfuna da ke kama gyaɗar da ba ta bushe sosai ba kafin a adana ta, yana fitar da gubar da masana ke kira afulatoksin. A 1960 aka farga da ita, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a gonakin Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Gubar nan hanta take ci a hankali, tana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma suya ba ta gamawa da ita.

Shinkafa da wake, taliya da manja, dambu, kwaɗon zogale, waɗannan in za ka saya ka taɓa kwanon ka ji. Mai zafi da tururi, bismillah. Mai ɗumin da bai kai ya kawo ba, haƙura. Shinkafa musamman tana da wata ƙwayar cuta da ke tsira daga dahuwa, in abincin ya huce ya daɗe sai ta farfaɗo ta zuba guba, kuma ko an sake ɗumamawa gubar tana nan. Ashe ke nan ba kowane abinci wuta ke ceta ba in ya riga ya daɗe a rana. Dafaffen ƙwai kuma wanda ɓawonsa bai fashe ba za ka zaɓa, ka ɓare da kanka.

Yanzu mu zo inda na fi so a kasa kunne, wato abin sha. Mutum ya yi awa guda yana ihu a rana, maƙogwaro ya bushe, ya hango gora tana raɓa, ai ba ya tambaya. Sanyin nan shi ke ruɗin mu, muna ganin kamar abu mai sanyi ba ya cutarwa. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita kawai take yi. In da gurɓataccen ruwa aka yi ƙanƙarar, tana narkewa cutar za ta tashi.

Kunun aya shi ne sarkin saurin lalacewa. Ba a dafa shi, niƙawa ake yi a tace, a sa dabino da kwakwa, in ya bar sanyi 'yan awoyi sun ishe shi. Alamarsa ba ta ɓuya: gora ta kumbura, in ka murɗa murfin ta yi tsaki, ko ka ji tsami, ko ya yi yauƙi. Zoɓo ya ɗan fi shi, tunda ana tafasa shi kuma yana da tsami, sai dai ruwan da aka ƙara bayan an sauke da kuma gorar da aka ɗura shi. Mun san inda gorunan nan ke fitowa, ana tsinto su ne a wuraren biki da tasha, wani lokaci har bola. Akwai matan da ke wanke su da omo da ruwan zafi, Allah ya saka musu da alheri, akwai kuma masu ɗauraya kawai. Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima: dubi bakin gorar da cikin murfin kafin ka kafa kai.

Fura da nono, na san na taɓo abin da Bakatsine ba ya so a taɓa. Ban ce a daina ba. Tsamin nono yana rage wasu ƙwayoyin cuta, amma ba ya maganin ruwan da aka sirka da shi, ko ludayin da mutum ashirin suka sha da shi ana tsoma shi a bokiti ɗaya. Madarar da ba a tafasa ba kafin ta zama nono kuma tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar burusela, mai sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. In kana da Innar da ka saba da ita, ka san tsabtarta, sha abinka. Wadda ba ka taɓa gani ba sai yau, a tsakiyar turmutsutsu, ka bar furar sai ka koma unguwa.

Ruwan leda shi ne mafita ga yawancinmu. Duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don sa ido kan abinci da magunguna, duba sunan kamfani da adireshinsa, ɗaga ledar ka ga ko ruwan garau yake. Amma akwai abin da muke mantawa. Ledar nan ta wuni tana iyo a cikin ruwan ƙanƙarar kula, hannu nawa ya shiga ya fita, ga kuɗi ana karɓa da hannun, mu kuma da haƙori muke hudawa. Ka fara huda ƙaramin gefe ka ɗauraye inda bakinka zai taɓa, ko aƙalla ka goge da kyau.

Kada wani ya ce muna kambama ƙaramin abu. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo duk shekara ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 su rasu, kuma 137,000 daga cikin mamatan a Afirka suke. Mu nan ba mu manta 2021 ba, shekarar da amai da gudawa, wato kwalara, ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,500, Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa tare da Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara. Kwalara da taifot duk ta baki suke shiga, ta ruwa da hannu da ƙuda, kuma da damina suka fi ƙarfi.

Dabarar da ta fi kowace sauƙi ita ce ka ci abincinka a gida kafin ka fito, domin mai jin yunwa ba ya zaɓe. In za ka saya, saya kafin a fara wasa, lokacin wuta na ci, layi bai yi tsawo ba, kana da sukunin dubawa. Ka yi alwalar La'asar, ka sa ɗan guntun sabulu a aljihu ka wanke hannu da shi, tunda hannun nan ya riƙe kuɗi, ya dafa ƙarfe, ya gaisa da rabin unguwa. Mai hawan jini ya sassauta wa tsire da kilishi saboda gishiri, mai ciwon suga ya bar zoɓon da bai san yawan sukarin da aka zuba ba.

Ku kuma masu sana'a, iyayenmu da ƙannenmu, shirin nan ba don a kashe muku kasuwa ba ne. Kasa aikin kashi biyu: soya rabi kafin wasa, rabi dab da hutun rabin lokaci. Rufe faranti. Ware hannun karɓar kuɗi da na ba da abinci, ko a yi amfani da cokali. Iyaye mata kuma a duba lamarin ƙananan 'yan mata da ake ɗora wa talla a tura su cikin dubban maza har bayan Magariba. In akwai babba a gidan, shi ya fi dacewa da wannan kasuwar.

Sauran nauyin na hukuma ne. Kada mu ɗauka ƙasashen da suka ci gaba sun gama da matsalar. A 2018 tashar wasanni ta ESPN ta bi rahotannin masu duba tsabta sama da 16,000 daga filayen wasa 111 na Arewacin Amurka, ta gano a kusan kashi 28 cikin 100 na filayen, rabin rumfunan abinci ko fiye an kama su da babban laifin tsabta. Abin lura a nan shi ne akwai wanda ya je ya duba, ya rubuta, har ɗan jarida ya samu ya karanta. Katsina United na buga wasa 19 a gida a kakar gasar ƙwararru mai ƙungiya 20, ban da sauran tarukan da ake yi a filin. Ranaku ne sanannu, ba su fi ƙarfin ma'aikatan duba-gari ba. A keɓe wa masu abinci wuri mai inuwa nesa da kwata, a sa famfo ko tankin ruwa, a ajiye kwandunan shara, a tabbatar makewayi na aiki. Ledar ruwan da aka sha kuma kwandon shara ne wurinta. Wanda ya cilla ta cikin fili don ya ji haushin alƙalin wasa, ƙungiyarsa ya ja wa tara, ko a kai wasanninta na gida wani gari, ranar nan mai rake da mai awara su ma sun rasa ciniki.

'Yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai Amurka, in abokai suka ja ku kallon besbol, ku tambaya kafin ku karɓi hot dog. Da yawa akwai naman alade a ciki, wanda aka rubuta naman sa ne zalla ma ba lalle yankan Musulunci ba ne. Wasu filayen na da rumfar halal. In babu, gyaɗa da gugguru sun ishe ku.

To idan an dawo gida dare ya yi, ciki ya fara juyawa fa? Abin da ke kisa a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, saboda haka a fara da ruwan gishiri da sukari tun zawo na farko. In akwai ƙullin ORS na kemis, a zuba shi a lita 1 na ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa 2. In babu, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri, a lita 1, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da ana amai. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma kada a daina ba shi abinci ko nono. A guji sayen kafso barkatai ba da izinin likita ba. Idan kuwa zawon ya zama fari kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini, ko ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, mutum ya galabaita, kada a jira gari ya waye, domin kwalara na iya kisa cikin awoyi. A nufi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, yara kuma ga asibitin Turai 'Yar'aduwa. A tafi da ruwan gishiri da sukarin a gora, ana ba shi a hanya.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.